Ba Gawa, Ba Labari

Akwai daga cikin abokan aikina waɗanda ke ganin zubar da girma ne a ce malamin adabi, wanda furfura ta fara leƙo gemunsa, ya zauna gaban talabijin yana kallon matattu suna farautar rayayyu. Ba na jayayya da su, domin kuwa akasarin irin waɗannan wasanni ba su bar wa mai kallo komai in ban da jini da kururuwa da tashin zuciya. Amma a cikin wasan kwaikwayon nan na Amurka mai suna The Walking Dead, wanda tashar AMC ta fara nunawa ranar 31 ga Oktoba 2010, ta kuma rufe shi a 2022 bayan kashi 177, akwai kashi guda da ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Shi ne kashi na bakwai a zango na biyu, wanda aka fara nunawa ranar 27 ga Nuwamba 2011. Scott Gimple ne ya rubuta shi, Michelle MacLaren ta ba da umarni. A kansa nake so in ɗan ja hankalin mai karatu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ya kamata in share fage. Abin da ake kira zombi ba fatalwa ba ce irin wadda muka tashi muna jin labarinta, wadda ke fitowa da dare ta tsorata mutane ta ɓace. Asalin tunanin daga tsibirin Haiti yake, inda ake cewa boka na iya tayar da mamaci ya mayar da shi bawa marar wayo, mai yin abin da aka ce kawai. Da wannan ma'ana ce Fela ya yi wa sojoji shaguɓe a shekarun 1970, kuma a nan Legas har yanzu da ita aka fi sanin kalmar. George Romero ne, a fim ɗinsa na 1968, ya sauya wa abin kama: gawa ce ke tashi ba tare da boka ba, ba ta san kowa ba, ba ta son komai sai naman mai rai, wanda ta ciza kuwa shi ma zai mutu ya tashi kamarta. Ba ta kwanciya sai an fasa ƙwaƙwalwarta. A cikin wasan da muke magana a kansa ba a ma ambaton kalmar zombi. Masu yawo kawai ake ce musu.

To, a farkon zango na biyu, wasu 'yan tsirarun mutane da suka tsira sun baro birnin Atlanta na jihar Jojiya, ƙarƙashin jagorancin wani ɗan sanda, Rick Grimes, da abokinsa Shane. Motoci suka toshe musu babbar hanya, sai ga ayarin matattu. Kowa ya shige ƙarƙashin mota ya yi lamo. Wata yarinya 'yar shekara 12, Sophia, 'yar wata baiwar Allah mai suna Carol, ta fito da wuri, biyu daga cikin matattun suka bi ta daji. Rick ya cim mata, ya ɓoye ta a gefen rafi, ya ce ta jira ya janye su. Da ya dawo babu ita, babu dalilinta.

Daga nan aka shiga nema. Kashi shida cur ana abu ɗaya, har masu kallo da dama suka ƙosa, suna cewa wasan ya tsaya cik a gona. Ni kam ban ga laifin wannan jan ƙafa ba. Wanda bai taɓa jiran ɓataccen mutum ba shi ne zai ce a gaggauta. Haka jiran yake: yau a sami wani kango da alamar wani ya kwana ciki, gobe a tsinci 'yartsanarta a bakin ruwa, kowace alama ta isa ta hana a fid da rai, amma ba ta isa ta kai ga yarinyar ba. Daryl, maharbin cikinsu, mutum mai kaushin hali, shi ya fi kowa naci, har ya faɗo daga kan doki kibiyarsa ta soke shi. Shi ne kuma ya kawo wa Carol wani farin fure a cikin kwalba, ya ba ta labarinsa: wai lokacin da sojojin Amurka suka kori ƙabilar Cherokee daga ƙasarsu, a 1838, yara suna mutuwa suna ɓacewa a hanya, sai furen ya riƙa tsiro a duk inda hawayen iyaye mata ya ɗiga. Korar dai ta faru, kuma an ƙiyasta mutum wajen 4,000 ne suka halaka a cikinta. Zancen fure kuwa almara ce irin wadda ake rarrashin mai kuka da ita.

Gonar da suka sauka ta wani dattijo ce, Hershel Greene, likitan dabbobi, mai riƙo da addininsa. Ya karɓe su ne don ya yi wa ɗan Rick magani, bayan wani mutuminsa, Otis, ya harbe yaron bisa kuskure wajen farautar barewa. A bayan gidan akwai wani ƙaton rumbu na katako, irin wanda manoman can ke tara ingirici, kullum a garƙame. Ashe matattu ne cike da shi. Matar Hershel tana ciki, agolansa yana ciki, maƙwabtansa suna ciki. Har kaji ake karya wa ƙafa a jefa musu. Da aka tuhume shi, ya ce waɗannan marasa lafiya ne, annoba kuma ba yau aka fara ta ba, kowace ta zo ana samun maganinta. Mai taɓin hankali ma yana da haɗari, amma ba a harbe shi.

Abu ne mai sauƙi a yi wa dattijon nan dariya, Shane ma haka ya yi. Sai dai marubucin ya shirya abin yadda dariyar za ta dawo kan mai yin ta. Mene ne bambancin wanda ya kulle matarsa a rumbu yana jiran magani, da waɗanda ke fita daji kullum safiya da taswira suna kiran sunan yarinyar da ta kwana da kwanaki ita kaɗai a tsakiyar matattu? Dukkansu sun ƙi yin jana'iza ne. Hershel yana da gawa ya ƙi yarda mutuwa ce. Carol da mutanenta ba su da gawar da za ta tilasta musu yarda.

Ranar da abin ya fashe, Shane ya hango Rick yana taya Hershel jawo wasu matattu biyu da sanduna masu zarge a wuya, za a kai su rumbu. Ransa ya ɓaci. Ya ɗirka wa ɗaya harsashi a ƙirji, ya ƙara, ya ƙara, yana tambayar dattijon ko mai rai zai sha wannan ya ci gaba da tafiya. Sannan ya ɓalle ƙofar rumbun. Suka yi ta fitowa ana harbewa, Hershel yana durƙushe a ƙasa yana kallon iyalinsa suna zubewa. Aka yi tsit, kowa ya ɗauka an gama. Sai ga wani gurnani ƙarami daga cikin duhun. Ta fito a hankali, tana kare hasken rana, da 'yar rigarta mai zanen bakan gizo, da tabon cizo a kafaɗa. Duk tsawon kwanakin nan da ake ratsa daji, tana nan taku kaɗan daga inda uwarta ke shanya wanki.

Na kashe talabijin bayan nan, na daɗe zaune. Ba yarinyar nake gani ba, wata tsohuwa nake gani, mai sayar da abinci a unguwarmu, wadda duk muke kira Inna. Ɗanta yana kasuwanci a Mubi lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga garin a ƙarshen Oktoba 2014. Tun daga ranar ba a sake jin duriyarsa ba. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa, babu wanda ya ce ya gan shi da rai. Inna ba ta taɓa sauya lambar wayarta ba, don kada ya kira ya rasa ta, ko ɗaki za ta shiga wayar tana ƙulle a bakin zane. Wata rana wani daga cikin masu cin abinci, da kyakkyawar niyya, ya ce Allah ya jiƙansa. Ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Ɗan nan, kai ka yi masa wanka?"

Ya ce, "A'a, Inna, ki gafarce ni."

Ta ce, "To, ka ce Allah ya bayyana shi."

Ba ita kaɗai ba ce. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce mutum kusan 22,000 ne aka kai mata rahoton ɓacewarsu a Nijeriya sanadiyyar rikicin arewa maso gabas, fiye da rabinsu kuma yara ne lokacin da suka ɓace. Kowane ɗaya yana da mai jiransa.

Mu mutane ne masu gaggauta binne mamaci. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Baƙi kan ga kamar rashin tausayi ne, alhali kuwa tausayin ke nan: a sa wa mai rai hujja a gaban idonsa, ya ga makara, ya ga ƙasa, sannan a zauna tare da shi kwana uku ana ba shi haƙuri har zuciyarsa ta bi abin da idonsa ya gani. Matar mamaci ta san kwanakinta, wata huɗu da kwana goma. Amma ɓatacce ya gagari wannan tsari duka. Malaman fiƙihu sun san nauyin abin, shi ya sa suka keɓe masa hukunci: a mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara ga alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba kamar ta mamaci. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Wato shari'a ta yanke wa mata wa'adi don kada rayuwarta ta tsaya. Uwa fa? Babu alƙalin da ya isa ya yanka wa uwa wa'adi.

Wannan ne ya sa nake ganin tsakiyar kashin nan ba fitowar Sophia ba ce, abin da ya biyo baya ne. Shane, wanda ya kwana yana cewa yarinyar ta mutu a daina wahalar da mutane, wanda yanzun nan ya gama kururuwar cewa duk mai son rayuwa sai ya yi yaƙi, ya tsaya da bindiga a hannu ya kasa ɗaga ta. Sauran ma haka. Harbin matar wani da maƙwabcin wani bai yi musu wuya ba. Da aka zo kan tasu, sai ga shi kowa ya zama Hershel. Carol ta ruga, Daryl ya riƙe ta suka zube ƙasa. Rick ne ya tako, shi da ya bar ta a bakin rafi, shi da ya fi kowa cewa tana da rai, ya zaro bindigarsa ya yi abin da ya wajaba. Babu wanda ya ce uffan, wasan ya ƙare a nan.

Shane yana da gaskiya, wannan ba abin musu ba ne. Amma ban taɓa jin na koma bayansa ba, ko sau nawa na sake kallo. Gaskiyar da yake faɗa ba ta ci masa komai ba, kuma yana da wata bukata a ƙarƙashinta, domin so yake a bar gonar ko a ƙwace ta, ya kuma nuna Rick bai isa jagora ba. Akwai ma wani abu: Otis ne mai kamo matattu yana zubawa a rumbu, don haka shi ne kaɗai zai iya cewa ya ga wata yarinya mai kama kaza. Otis kuwa Shane ne ya harbe shi a ƙafa, ya bar wa matattu shi don ya tsira, kafin kowa ya kai ga tambayarsa. Mai cika bakin faɗin gaskiya shi ne ya kashe mutumin da ya san ta. A ajin adabi da mun tsaya mun ba wannan suna, amma ko ba suna yana da zafi.

Na sha tambayar kaina ko abin da ya sami Carol a ƙofar rumbun nan ya fi na Inna muni. Ta ga 'yarta a kamar da babu uwar da za ta so gani, ta kuma ga an harbe ta. Duk da haka ta gani. Washegari ba za ta tashi ta dubi bakin daji ba. Ban isa in ce wanne ya fi sauƙi ba a gaban ɗayansu, amma na lura cewa duk lokacin da waya ta yi ƙara a rumfar Inna, ko ta wani ce, hannunta sai ya kai bakin zane.

A kashi na gaba, wanda aka nuna a Fabrairun 2012, an haƙa kabari uku, na Sophia da na matar Hershel da na agolansa, sauran gawarwakin aka tara aka ƙone. Ko a nan ma an bambanta wanda yake da mai kuka da wanda ba shi da shi. Hershel, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu bai kurɓi giya ba, ya tafi gari ya nemi mashaya. Carol kuwa ta ƙi zuwa bakin kabarin. Ta ce abin da za a binne ba 'yarta ba ce, 'yarta ta daɗe da mutuwa a daji. Ta shiga cikin itatuwa ita kaɗai, ta tarar da irin farin furen nan da Daryl ya kawo mata, ta durƙusa ta yi ta tumɓuke shi da hannu biyu.