Kwalbar Inna

Da ƴar Inna ta zo hutu Maraɗi daga Faransa, inda take karatun jinya, ta zo da tsarabar kwalba biyu na konfitir ɗin firambuwaz. Firambuwaz wasu ƴaƴan itace ne jajaye ƙanana, masu ɗan tsami, waɗanda ke nuna can a watan Yuni da Yuli. Ita ta dafa da hannunta: ta matse ruwan, ta tace ƙwayoyin, ta zuba sukari kusan daidai da nauyin ruwan, ta tafasa har ya yi kauri, ta ɗura da zafinsa, ta rufe gam. A kan murfi ta rubuta ranar da ta dafa.

Kwalba ɗaya jikoki suka cinye da burodi cikin kwana uku. Ɗayar kuwa Inna ta naɗe a zane, ta sa a akwatin ƙarfe, ta ce ba mai taɓawa sai ranar da ƴarta ta dawo gida ke nan.

To, sukari shi ke tsare irin wannan abinci, gama yana riƙe ruwan da ƙwayoyin ruɓa ke bukata. Amma ko a ƙasar sanyi, shekara guda ake ba wanda aka yi a gida, a wuri mai sanyi da duhu. In an buɗe, sai firigo, a cinye cikin kamar wata ɗaya. Duhu dai akwatin Inna yana da shi. Sanyi fa? Ɗakin kwano ne, a garin da zafin Afrilu kan wuce digiri 40. Bazara uku kwalbar ta yi a ciki, kuma, a faɗi gaskiya, Inna takan kwance murfin wani lokaci ta shaƙi ƙanshin, in kewa ta dame ta.

Ranar da ƴar ta dawo, bayan an yi addu'ar godiya, Inna ta ɗauko. Jan ya koma ruwan ƙasa, farar furfura ta rufe saman. Inna ta ɗauki cokali za ta kwashe.

"Inna, ki yi haƙuri, ba ya ciwuwa. Saiwar furfurar ta shiga har ƙasa, ido ba ya gani."

Inna ta daɗe tana duban rubutun murfin. Sa'an nan ta miƙa wa jikarta, ta ce a zubar a wanke mata kwalbar, kada a kankare rubutun. Gishiri take zubawa a ciki yanzu.