Tsinin da na raina

Wata huɗu da fara aikin likita, ina jin kaina kamar ni na ƙago sana'ar. Wani dare aka kawo wani dattijo mai ciwon ƙoda, ya tsallake wankin ƙoda sau biyu don rashin kuɗi. Kukansa ɗaya: ƙafafu ba ƙarfi.

Sakamakon jini ya fito: fotashiyam 7.2, alhali na mai lafiya tsakanin 3.5 ne da 5.0. Nan take na tuno wani karatu: idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe a kwalba, fotashiyam ɗin cikinsu kan zube, adadin ya hau a banza. Karatun gaskiya ne, amma barci ne ya zaɓo min shi. Na rubuta, "A sake ɗiba da safe."

Sista, ma'aikaciyar jinya, ta miƙo min takardar ECG, wato zanen bugun zuciya. Tudun T, wanda ya saba kwanciya lumui, ya miƙe siriri da tsini kamar kan bukka. Ni kuwa alamar toshewar jijiyar zuciya kaɗai nake nema. Ban gani ba, na ajiye.

Ƙarfe biyu ta tashe ni. "Likita, bugun Baba ya sauka 38."

A sabuwar takardar, ƙaramin tudun P ya ɓace, sashen zanen da ake kira QRS ya baje yana neman haɗewa da T. Fotashiyam idan ya yi yawa a jini, yakan rage cajin ƙwayoyin tsokar zuciya, sai saƙon lantarki ya koma rarrafe. Daga nan sai zuciya ta tsaya.

Na jera takardun biyu, gumi na tsatso min. Kwalba na iya ƙarya, amma fashewar jini a kwalba ba ta taɓa zanen da aka ɗauko daga ƙirji. Shaidu biyu sun yi baki ɗaya tun ƙarfe goma, na kori ɗaya da karatu, na kori ɗaya da hamma.

Ina juyowa, Sista ta riga ta zuƙo kalsiyam gulukonet a sirinji. Cikin mintuna QRS ya tsuke. Muka bi da insulin da gulukos don tura fotashiyam cikin ƙwayoyin jiki, da safe aka wanke ƙoda.

Ranar sallama Baba ya riƙe hannuna yana sa min albarka. Na amsa "amin", ban iya kallon Sista ba.

Kai ma, duk ranar da bayani mafi sauƙi ya zo daidai da son ranka, sake duba takardar.