Kunne ya gano abin da ido ya kasa gani

A ƙauyukan Agye da Gazawa, duk maginin rijiya ya san dabarar jefa tsakuwa ya kasa kunne, ya ƙiyasta zurfin ruwa. Masanan teku ma da sauti suke awo, sai dai na'urarsu, wadda ake kira sona, ta fi kunne ji. Jirgin ruwa ne ke aika ƙara zuwa ƙasan teku, ya saurari amsa-kuwwa. Da yake sauti na cin kimanin mita 1500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, lokacin dawowarsa shi ke faɗin zurfi. In aka tara dubban irin wannan awo, sai taswira ta fito.

Da haka aka zana taswirar wani abin al'ajabi a gaɓar Muritaniya: jerin tuddan murjani mai tsawon aƙalla kilomita 400, a zurfin mita 400 zuwa 550, wasu tuddan sun kai mita 100. Ba jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ba ne, fari ne, mai rayuwa cikin duhu da sanyi, ƙananan halittu suka gina shi cikin dubban shekaru. Masu neman man fetur na kamfanin Woodside ne suka ba da labarinsa a 2005, sannan jirgin binciken Jamus, Maria S. Merian, ya auna shi a 2010. Nan kifaye ke fakewa suna hayayyafa, amma komar manyan jirage mai sharar ƙasan teku kan rushe ginin ƙarnoni a ja guda. Wurin da ba ya kan taswira, wace doka za ta kare shi?

Mai karatu zai ce: ina ruwan Gidan Runji da teku? To, jahar Maraɗi ma tana da dukiyar da ido ba ya gani: ruwan da ke kwance ƙarƙashin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba. Tun da aka datse gulbi a Jibiya, ruwan sama-sama ya ragu, masu lambu suka koma ga injin ban ruwa. Kowa na ja, kaɗan ke tambayar abin da ya saura.

Ɗan kasuwa ba ya sayar da hatsin rumbun da bai auna ba. Ya kamata ma'aikatan ruwa da magadan gari su yi koyi da shi: a auna, a zana, a bayyana wa talakawa, kafin a ba da izinin sabon haƙa.