Lasifikar da Na Ɗora wa Laifina

Wani ƙaramin masallaci ne a wajen Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke biyo kanal yana shayar da gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Manoman rani ne suka yi karo-karo da kuɗin tumatir, suka sayi amfilifaya mai ɓangare biyu da akwatunan lasifika biyu. Gab da azumi suka kawo mini amfilifayar shago, ɓangaren hagu ya yi sanyi.

Kamata ya yi in bi layi in gano abin da ya gaji. Sai na yi gaggawa, na ƙara wa hagun transisto guda, C945, sauti na shiga ta bes yana fita ta kolekta. Ƙara ta dawo, na karɓi kuɗina.

Tun ina yaron shago na san irin wannan haɗi juya sigina yake yi, digiri 180: inda take hawa sai ta sauka. Ban kawo shi a raina ba. Da aka kafa akwatunan a masallaci, fatar lasifikar dama na turowa waje, ta hagu na shigewa ciki a lokaci guda, kamar mutum biyu a ƙofar ruwa, wannan na buɗewa wancan na rufewa. Wanda ke jikin akwati yana ji tangaram. Dattawan tsakiyar sahu kuwa, kaurin muryar malam ya ɓace musu, sai wata 'yar siririyar murya.

Na je da batir mai bolt 1.5, na ɗora wa kowace waya, fatun biyu suka turo gaba. Na ce wayoyi daidai suke, lasifikar hagu ce ta tsufa. A kan maganata suka sake tara kuɗi aka sayo sabuwa a Sabon Gari, a lokacin da kwandon tumatir ya faɗi ƙasa warwas. Babu abin da ya canza.

Maigidana na dā ne ya tsaya tsakiyar masallacin, ya saurara, ya sauya wayoyin lasifika guda, ja a gurbin baƙa. Murya ta cika ɗaki. Ya dube ni ya ce, "Me ka ƙara a ciki?"

Batir ya gwada abin da ke waje, juyin kuwa yana ciki, a inda hannuna ya taɓa. Na cire transistona, na tarar ashe kafasita ce ta bushe. Na tsaya gaban liman da ladan na faɗi yadda aka yi, na karɓi sabuwar lasifikar na mayar musu da kuɗinsu.