Yankari: Dajin Da Ba A Shigarsa Da Gaggawa

Duk wanda ya taɓa zama a Ikko ya san yadda gari yake waye wa mutum a kan titi. Tun kafin assalatu ma'aikaci ya bar Agege ko Mushin domin ya riga cunkoson motoci haye gada, ba kuwa zai komo gida ba sai bayan lisha, yara sun yi barci. Haka abin yake a Kano da Fatakwal da Abuja, sai dai wani wuri ya ɗara wani. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa irin wannan zama, in ya yi tsawo, yakan jawo rashin barci, da saurin fushi, da hawan jini, da damuwar da mutum ba ya iya faɗin dalilinta.

Akwai wani wuri a Jihar Bauci inda wannan hali na hanzari ba ya da wani amfani ko kaɗan, watau Gandun Dajin Yankari da ke ƙasar Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Matafiyi yakan bi hanyar Gombe daga Bauci, in ya kai Dindima sai ya ratse kudu har ƙofar dajin a Mainamaji. Daga nan zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, kuma tun a wannan hanya daji yake fara koya wa baƙo ladabi. Tilas direba ya sassauta, don ba a san inda gwanki ko gadu zai ɓullo ba. Shi kuwa gwaggon biri, in ya zauna tsakiyar hanya, ba ya tashi sai ya ga dama.

Abin da ya fi jawo mutane shi ne giwaye, domin garken Yankari yana cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya. Amma giwa ba ta da alkawari da kowa. Wanda ya zo da niyyar ya ga kome cikin sa'a guda ya juya, sau da yawa ba abin da zai gani sai sawu da kashi. Ma'aikatan daji sukan fita da baƙi da sassafe ko da la'asar sakaliya, su kai su bakin kogin Gaji, a kashe mota, a yi tsit. A ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya janye daga sauran wurare, dabbobi sukan gangaro nan su sha. Da farko baƙo ba ya jin kome sai bugun zuciyarsa, hannunsa yana ta laluben waya. Can sai kunne ya buɗe, ya fara rarrabe kukan tsuntsaye, waɗanda irinsu ya wuce 350 a dajin. Daga nan ido ya bi, sai ya ga ashe abin da ya ɗauka suri ne ɓauna ce a tsaye tana kallonsa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Bayan an komo masauki sai a gangara matattakala zuwa maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garau har ana ganin farin yashin da ke ƙasa, itatuwa sun yi masa rumfa. Ɗuminsa yana nan wajen digiri 31, dare da rana, ko da hunturu ko da bazara. A nan za a ga babban ɗan kasuwa wanda a ofis ba ya iya zama minti biyar, ya shafe sa'a biyu cikin ruwa bai tambayi ƙarfe nawa ba. Abin lura ɗaya shi ne kayan da aka ajiye a gefe, don birai sun gwanance da sata.

Mai sha'awar tarihi zai iya ziyartar kogunan Marshall da aka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, shaidar cewa mutane sun rayu a nan tun kafin a keɓe wurin.

Ba a ce kwana biyu a daji zai warkar da ciwon da ya yi nisa ba. Wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci makonni, likita ya kamata ya gani, ba kuwa abin kunya ba ne. Kuma ba kowa ke da kuɗin mota zuwa Bauci ba. Amma abin da ake yi a bakin Gaji bai fi ƙarfin talaka ba: a kashe inji, a ajiye waya, a zauna shiru har hankali ya dawo jiki. Ana iya yinsa a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan la'asar. Wanda kuwa Allah ya hore masa, ya nemi hutunsa a watan Maris, ya ɗauki iyali, kada kuma ya yanke ranar komowa tun bai isa ba.