Rumfar Baba

Ƙofar gidanmu tana duban yamma. Daga watan Maris zuwa Mayu, da zarar ƙarfe 2 ta yi, rana takan kwanta a barandar har ba mai iya zama. Nan kuwa Baba yake wuni tun da ƙafafunsa suka yi rauni, gama nan ne yake ganin masu wucewa su gaisa. Kowace shekara mukan kafa masa rumfar zana, kowace damina kuma iska ta kwashe ta. Bara da muka yi kwasan adashi, sai muka sayo rumfar nan ta zamani wadda ake buɗewa a naɗe, mai faɗin ƙafa 10.

Ran Asabar muka kwance kwalin. Akwai takardar bayani a ciki, amma muka ajiye ta gefe. Mu da kullum muke ce wa yara a aji su karanta tambaya sau biyu kafin su ɗauki alƙalami!

Muna shirin huda bango ke nan sai maƙwabcinmu magini ya leƙo. Ya ƙwanƙwasa wurin da muka yi wa alama, ya ce, "Malam, ka ji ƙarar? Bulon nan rami ne a cikinsa. Noti ba zai kama ba." Ya bayyana mana cewa idan rumfa ta buɗe, nauyinta da na iska duk bango suke ja. Ya nuna mana linta ta kankare da ke bisa ƙofa da taga, ya ce nan za a kafa ƙarafan da za su riƙe ta. Ya zuba ruwa cikin siririn tiyo, muka riƙe baki ɗaya, ya riƙe ɗayan, da haka muka daidaita tsayinsu. In gefe ɗaya ya ɗara wani, yadin zai riƙa naɗuwa a karkace.

Sa'an nan abin da har yau muke tunawa da faɗuwar gaba ya faru. Hannuwan rumfar guda biyu suna ɗaure da igiyar roba. Ɗanmu mai shekara 10, don ya taimaka, ya ɗauko wuƙa ya durƙusa zai yanke. Uwargida ce ta ɗauki takardar da muka yar, ta ga hoton gargaɗi, ta daka masa tsawa. Ashe akwai sifirin mai ƙarfi cikin kowane hannu, shi ne yake miƙar da yadin. Da ya yanke igiyar tun rumfa tana ƙasa, da ƙarfen ya zabura ya same shi a fuska. Ba a kwance ta sai an ɗora rumfar an ɗaure kowane noti.

Muka zauna muka karanta takardar daga fari har ƙarshe, kunya kuwa ta ishe mu. Mu uku muka ɗaga rumfar bisa tsani biyu. Muka sunkuyar da bakinta yadda aka ce, wajen ƙafa 1 ga kowace ƙafa 4 da ta fito, domin ruwa ya gangara, kada ya taru ya yi tumbi a tsakiya.

Yanzu muna da doka biyu a gidan. Da an ga hadari ya haɗo daga gabas, wanda yake kusa ya ɗauki sandar ya naɗe ta, gama ba a yi ta don jure wa iska ba. In kuwa ta jiƙe, sai ta bushe kafin a bar ta a naɗe, don kada yadin ya yi fumfuna.

Ta ga damina ɗaya ke nan, tana nan daram. Baba yana wuni a inuwarta, shi ne ma mai duban sama. Tun kafin mu ji ƙanshin ruwa sai mu ji muryarsa: "Kai, yara, ku zo ku naɗe rumfata!"