Kayan gyaran Baba da na ɗora a sikeli

Mahaifinmu ma'aikacin lantarki ne a masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Da aiki ya tsaya, sai ya rungumi abin da dama yake taɓawa da yamma, wato gyaran rediyo da talabijin a gidanmu na Kurmin Gwari. Da Allah ya yi masa cikawa, ya bar ɗaki guda maƙil da tsofaffin rediyoyi, da taransifomomi, da tulin waya, da wasu kwalaye da ya jera a saman kanta. Ƙanena zai yi aure, ana buƙatar ɗakin, ni ne babba, aka ce in san yadda zan yi da kayan.

Na kira ɗan jari bola. Har gobe ba na ganin laifin yaron nan, don sana'arsa ya yi, kuma ya iya ta. Da maganaɗisu da wuƙa da sikeli yake aiki. Duk abin da maganaɗisu ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mafi arha. Wanda bai kama ba sai ya kankare shi da wuƙa: in ja ne har ciki, jan ƙarfe ne, mai tsadar ke nan; in fari ya leƙo daga ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka yi wa rufi. Fanel ma ya raba su biyu. Masu ruwan ƙasa na rediyo kusan kyauta ya ɗauke su, korayen na kwamfuta kuwa ya ware su gefe saboda ruwan zinarin da ke bakin haƙoransu. Ya ce ba ya sayen kwalba, kuma wayar da aka cire wa roba ta fi kuɗi.

Waɗannan maganganu biyu su suka kai ni ga ɓarna. Na tara wayoyin a bayan gida na cinna musu wuta don robar ta ƙone. Na fasa kwalbar wata tsohuwar talabijin don in ciro naɗin jan ƙarfen da ke wuyanta, alhali kwance ƙusa ɗaya ya isa a zare shi lafiya. Sannan na sauko da kwalayen saman kanta. Wasu 'yan kwalabe ne a ciki kamar ƙwan fitila, kowace a cikin gidanta na takarda. Na hango ƙarfe a cikinsu, na sa guduma. Abin da ya fito 'yan siraran faranti ne da ko sikeli bai san da su ba.

Bayan biki wani abokin Baba, tsohon mai gyaran rediyo a Unguwan Television, ya zo gaisuwa. Ya ce, “Ɗana, ina bawul-bawul ɗin mahaifinka? Akwai rediyon wani bawan Allah a hannuna, na san marigayi yana da irin wadda nake nema.” Na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ni ko na karanta rubutun jikinsu, na ce a'a, Baba.

Shi ya bayyana mini abin da na fasa. Bawul ita ce zuciyar rediyo kafin a ƙirƙiro taransista a 1947 a Amurka, ta kuma ture ta a shekarun 1960. Lambar jikinta, kamar EL84 ko ECC83, ita ke faɗin aikinta. Tabon azurfa da ke saman kwalbar shi ke nuna lafiyarta. In iska ta shiga sai ya koma fari, ta mutu ke nan. Yawancin na Baba, in ji shi, Mullard ne na Ingila da ba a taɓa sa wa wuta ba. An daina ƙera su tun shekarun 1980, ga shi masu amfilifaya na kiɗa da masu tara tsofaffin rediyo suna nemansu ruwa a jallo. Yanzu masana'antun bawul kaɗan suka rage a duniya, a Rasha da Sulobakiya da Sin, har farashi ya yi tsalle a 2022 da yaƙin Yukiren ya toshe hanyar na Rasha. Taransifomar rediyon bawul ma, da na sayar a matsayin jan ƙarfe, mai gyara zai saye ta da daraja in tana aiki.

A nan na gane cewa farashin sikeli shi ne na ƙarshe, wanda ake komawa gare shi bayan mai gyara ya duba ya ce kaya ba su da sauran amfani. Ni da shi na fara. Daga Kakuri zuwa kasuwar Panteka tsallaka gada ne kawai, Television kuwa ko gada babu, amma ban ɗauki kwali ɗaya na kai wa wanda ya sani ba. Gaggawa na ce ta sa ni. Gaskiyar ita ce raina kayan na yi, don na daɗe ina ganin sana'ar Baba ta bayan rufe masaƙa kamar rufin asiri ce kawai.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar ɓarnar da na yi a bayan gidanmu ba. Kwalbar talabijin irin ta da tana da dalma a jikin gilashinta, hayaƙin robar waya kuma guba ne, ga yara suna wasa a wurin. Duk wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Na sa aka kwashe ƙasar wurin da tarkacen gilashin, aka zuba sabon yashi.

Rediyon bawan Allahn nan kuwa sai daga Legas aka samo masa bawul, ƙirar zamani. Na roƙi abokin Baba ya bar ni in biya kuɗinta, ya yi ta ƙi, daga baya ya yarda muka raba biyu.